Kifin Da Ya Ƙi Cin Sabulu

Duk wanda ya taɓa zama a masaukin leburori na Al Quoz a Dubai, ɓangaren da 'yan Afirka suka fi yawa, ya san Mijinyawa. Ko bai riƙe sunan ba, ya san gajeren mutumin nan mai faɗin ƙirji da ke kwana da sandar fatsa a jikin bango. Aikinsa a siton wani kamfanin kago na Kanawa yake: ya ɗaure kwali, ya naɗe shi da leda, ya rubuta sunan mai kaya, ya ɗora a kwantena. Ba shi da yawan magana, amma akwai shi da tambaya. In ya ga abu sai ya san cikinsa. Ya taɓa tsayar da direban 'yar motar ɗaga kaya ta sito a tsakiyar rana don kawai ya ji dalilin da ya sa tayoyin baya ne ke karya kwana, ba na gaba ba.

Basarke ne, daga masuntan Yauri, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yan Malam Ɗantani. Ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya iya ɗaura wando da kyau. Uban nasa masunci ne na gaske, irin wanda in kifi ya faɗo cikin jirgi bai buƙatar waiwayowa, daga bugun da ya yi a kan katako zai ce tarwaɗa ce ko ƙarfasa. Kowa ya ɗauka koma da fatsar tsohon a hannun Mijinyawa za su ƙare.

Sai kifi ya fara ja da baya a kogi. Ana cikin haka motoci masu sanyi suka fara shigowa gari da titus a kwali, daskararre, ga arha ga mai. Mata suka koma can. Malam Ɗantani bai taɓa kai shi baki ba, kuma yana da hujjarsa, wadda yake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Kifin nan tsawonsa ɗaya, kaurinsa ɗaya, zanen bayansa ɗaya. Wa ya taɓa ganin ɗansa? Wa ya taɓa ganin ya motsa? A wajensa wannan ba halittar ruwa ba ce, a inji ake bugo shi kamar bulo. Aka yi ta yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

To, da abin ya yi tsanani, iyali ga su, koma na fitowa da ciyawa, Mijinyawa ya tafi Kano ya kama aiki wajen masu sayar da titus ɗin nan dai. Tsohon bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo: ya daina yi masa magana kai tsaye. In Mijinyawa ya zo gida ya durƙusa ya gaishe shi, sai tsohon ya juya wajen Sabuwa, ƙanwar Mijinyawa, ya ce, "Ki ce ma mai kwali lahiya lau." Shekaru suka wuce a haka. Idon tsohon ya rufe, Mijinyawa ya samu hanya ya zo Dubai, ya bar kwalin kifi ya kama kwalin atamfa da takalma, amma Sabuwa tana nan a matsayinta na tafinta tsakanin uba da ɗa masu yare ɗaya. Duk Lahadi, ranar hutunsa, zai kira, ta buɗe murya ta ajiye wayar a kan tabarma. Yana jin numfashin ubansa kusa-kusa, amma maganar sai ta zagaya ta bakin Sabuwa. Wannan abu yana cin Mijinyawa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata rana ya raka Rufa'i kasuwar kifi ta Deira. Rufa'i ɗan zangon Kumasi ne, mai gadi a wani otal, gadonsa ne a ƙasan na Mijinyawa. Suna cikin zagayawa Mijinyawa ya ja ya tsaya cak. Ga titus nan a tire, ko kuma wani abu mai kama da shi ƙwarai, amma ba daskararre ba. Ya danna da yatsa, naman ya lotsa ya dawo. Ya ɗaga kunnen kifin, ciki jajur. Ya shinshina. Mai kifin ya fara harararsa.

"Wannan daga ina?" in ji Mijinyawa.

Mutumin ya nuna bayansa da babban yatsa, wajen teku. Ya ce sunan kifin garfa, jiya-jiya aka kamo shi.

"Chale, kifin saman ne fa," in ji Rufa'i. "A gida haka muke ce shi. Yalla mu tafi, ka bar taɓa kayan mutane."

Ranar Lahadi Mijinyawa ya ba da labari da zumuɗi. Ya ce ashe kifin nan a ruwa yake, ya gan shi ɗanye da jininsa. Can a Yauri tsohon ya yi gyaran murya.

"Ki tambaye shi, ya ga ya motsa?"

Mijinyawa ya ce a'a, a mace ya gan shi.

"To," in ji tsohon.

Wannan "to" ɗin ita ce ta kai Mijinyawa bakin teku. Rufa'i ya taimaka masa ya nemi lasisin kamun kifi ta waya, don a garin nan ko ruwan Allah sai da takarda. Ya sayi sanda mai maƙunshin zare a wani shago a Deira. Batun abin da zai sa wa ƙugiya kuwa bai tambayi kowa ba. Shi da aka haifa a cikin jirgi? Ya roƙi wata Hajiya mai zuwa saro kaya daga Kano ta taho masa da sabulun soda, irin wanda suke yankawa ƙanana su sa wa tarwaɗa a gida. Hajiya ta kawo, tana mamakin mutumin da ke zaune a Dubai yana aiken sabulun wanki daga Najeriya.

Ya isa duwatsun da aka jera a bakin teku wajen Jumeirah da sassafe, lokacin sanyi ne. Ya tarar da mutane jere, 'yan Filifin, Misirawa, Indiyawa, kowa yana jefawa yana naɗewa, yana jefawa yana naɗewa, ba hutu. Tausayinsu ya kama shi. Bayin Allah ba su da haƙuri, ba wanda ya koya musu cewa kifi zama ake yi a jira shi. Ya sauka can ƙasa kusa da ruwa, ya cire takalmansa ya ajiye a kan wani faffaɗan dutse tare da ledar burodinsa, ya soka sabulu a ƙugiya, ya yi bisimilla ya jefa. Sannan ya koma sama ya maƙale sandar tsakanin duwatsu, ya zauna zama irin na manya.

Rana ta ɗaga. Sabulu ya narke, ya sake sawa. Ya narke, ya sake sawa. Kifin teku dai bai ga abin da zai yi da wanki ba. Da yunwa ta taso ya waiwaya neman burodi, sai ya ga ba burodi, ba takalma, ba ma dutsen. Ruwa ya hau kansa ya shafe.

Mijinyawa ya miƙe tsaye yana salati. Ba hadari, ba iska, ba wanda ya buɗe dam. A Yauri ruwa sau ɗaya yake cika a shekara, kuma yana sallama kafin ya zo. Mutanen da ke kusa ba wanda ya ko ɗaga kai. Ya tsaya yana kallo har bayan azahar, sai ga ruwan ya fara janyewa da kansa, dutsen ya fito, takalma dai sun yi gaba. Ya hau bas ƙafa ba takalmi, yana ɓoye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera, amma ba kunyar ce ta cika masa kai ba. Ina ruwan ya je, kuma wa ya kira shi ya dawo?

Rufa'i ya yi dariya har da hawaye, ya ce wata ne ke jan ruwan, kowane yaro a Accra ya san wannan. Mijinyawa bai yarda ba sai da ya yi makonni yana haɗa cikar ruwan da kwanan wata, ya ga lallai akwai magana. Da ya ba da labari a waya, tsohon ya ce, "Ruwa shi cika shi janye sau biyu a yini? Ki ce mai shi bar shan abin da yaka sha." Amma Lahadin da ta biyo, tun kafin a gama gaisuwa, sai ga shi yana cewa, "Ki tambaye shi, ruwan ya maido takalman?" Da aka ce masa wata ke ja, ya ce to ya ji, amma ina yake kai shi? Wannan kam Rufa'i ma bai sani ba.

Mijinyawa ya bar sabulu ya koma ƙullin gero da daddawa. Ya gwada hanjin kaza. Ya nemi tana, ƙasar nan ba ta da ko ɗaya. Da ya sa jatan lande ya kama wasu ƙananan kifayen ƙasa masu ƙaya, ya mayar da su. Garfa dai ko ƙyallinsa. Akwai wani dattijo ɗan Kerala mai furfura a kunne da ke tsayawa kusa da shi kullum, ya gaji da kallon wannan wahala. Ya miƙo masa wani zare mai jerin ƙananan ƙugiyoyi, kowace da ɗan gashi fari mai ƙyalli, ba nama ba komai. Ya yi masa nuni da hannu: jefa, ja, jefa, ja, shwaiya shwaiya, wato a hankali. Mijinyawa ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa a aljihu. A ransa ya ce wasan yara. Wane kifi ne zai bar abinci ya ci gashi?

A ranar, a gabansa, dattijon ya ɗago garfa har uku a jefa ɗaya.

Mijinyawa ya tsuguna a kan bokitin mutumin, ya manta da girmansa. Ashe kifin nan da ya yi shekaru yana fasawa daga ƙanƙara, toka-toka da shi, ba haka Allah ya yi shi ba. Bayansa kore ne shar mai shuɗi-shuɗi, gefensa da zaren ruwan zinare, cikinsa yana walƙiya. Yana kallo launin ya fara dusashewa, kafin dattijon ya sake jefawa sau biyu ya koma kifin kasuwa. Daren nan ya ƙagu Lahadi ta zo, ya kasa jira, ya kira washegari.

"Ki ce wa Baba na ga ya motsa. Da idona."

"Wa ya kama?" in ji tsohon.

"Wani Ba'indiye."

Sai ƙarar buta da ya ji, alamar tsohon ya tashi alwala. Sabuwa ta ɗauke wayar ta fita zaure, ta rage murya. Ta ce Baba fa ya daina sa a kai shi bakin kogi, abinci ma sai an yi da gaske, ƙafafunsa sun kumbura. "Yaya, in akwai abin da za ka yi, ka yi shi yanzu." Ga kuma sanyi yana ƙarewa, masu fatsa suna cewa da zafi ya shigo kifin zai yi nisa da gaɓa. Tsoro ya kama Mijinyawa sosai, tsoron kada mutumin nan ya tafi bai sake kiran sunansa ba.

Lahadin da ta biyo ya ajiye girman kai ya faɗi gaskiya a waya. Ya lissafa duk abin da ya ba kifin ya ƙi. Yana magana da Sabuwa ne, amma ya san wanda ke saurare. Aikuwa tambayoyi suka fara zuwa. A ƙasa yake kiwo ko a sama? Shi kaɗai yake tafiya ko a garke? In ya zo, tsuntsaye na bin sa? Jelarsa a tsage take ko a dunƙule? Mijinyawa yana amsawa, Sabuwa tana maimaitawa ko da yake ba kurma a wajen.

Sai tsohon ya fusata, irin fushin da rabon a ji shi tun yana da ido.

"Wanga ba mai kiwon laka ba ne! Mai bin abu ne da gudu, irin tsage. Ki tambaye shi, a gidan uban wa ya ga an ba tsage sabulu?"

Kunya ta rufe Mijinyawa. Ya tuna yana ƙarami, uban yana yanka gwangwanin madara ya lanƙwasa ya ɗaura a zare, ya ce masa tuƙa da sauri, ƙarfen yana walwali a bayan jirgi har tsage ya kawo cafka. Abin da bayin Allahn nan marasa haƙuri suke yi ke nan tun ranar farko, shi yana zaune yana tausaya musu. Ya sani sarai, kawai ya ɗauka duk kifin da bai sani ba tarwaɗa ne.

Ya ɗauki cokalinsa na cin abinci ya kai wa wani mai walda a bayan sito, aka yanke mariƙin aka huda shi. Ya ɗaura shi a ƙarshen zaren gashin da ɗan Kerala ya ba shi, ya zama nauyi kuma ya zama ƙyalli. Sati guda da hannu ya ci shinkafa.

Ya duba wata, ya ga ruwa zai cika da yamma, don haka bayan la'asar ya je. Takalmansa a ƙafarsa. Ya jefa ya naɗe, ya jefa ya naɗe, har kafaɗarsa ta fara ciwo. Rana ta yi ja a kan ruwa. Can sai ga fararen tsuntsaye sun taru suna faɗawa ruwa, dattijon nan ɗan Kerala ya yi masa tsawa yana nuna wajen. Mijinyawa ya tattara ƙarfinsa ya wurga cokalin ya wuce su, ya fara ja.

Abu ya fizgi sandar. Ba nauyi irin na tarwaɗa ba, wata karkarwa ce ta biyo zaren ta shiga hannunsa har gwiwar hannu. Kifin ya yi dama, ya yi hagu. Ya ɗago shi, guda ɗaya tal, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, kore shar, yana walƙiya.

Hannunsa jiƙe da ruwan gishiri, wayar ta ƙi jin yatsansa sai da ya goge a riga. A Yauri an idar da azahar ke nan. Sabuwa ta ɗauka, ya juya mata kyamara.

"Wayyo Allah, Baba, ya kama! Kore ne, Baba, wallahi kore, da rawaya a gefe!"

"Mi zan gani ni?" in ji tsohon a hankali. "Ke dai kin ce."

Jikin Mijinyawa ya yi sanyi. Duk wannan wahala bai taɓa tsayawa ya yi tunanin makaho zai nuna wa kifi ba. Ga launin ma ya fara tafiya. Ya dubi kifin a hannunsa, ya dubi bokitin fenti da ya zo da shi, wanda ko ruwa bai zuba ba. Sai ya saki kifin a ciki, ya zura wayar har ƙasa.

Kifin ya buga. Ba fat, fat irin na kifin kogi ba, wani kaɗawa ne mai sauri, firrr, jela tana dukan roba ba tsayawa, ya ɗan yi shiru, ya sake.

"Tarwaɗa ba ta haka," in ji tsohon, kamar mai magana da kansa. "Tsage ma ba shi haka." Aka ji motsin tabarma. "Ke, ba ni wayar nan."

Mijinyawa ya ciro wayar ya kai kunne.

"Mijinyawa."

"Na'am, Baba."

"Ya ja?"

"Ya ja, Baba."

"Ƙasa ya yi ko gehe?"

"Gefe. Dama da hagu."

"Na sani. Ba ka sakar mai zare ba dai?"

Ya zauna a kan dutse, hawaye na zuba, yana ba ubansa labarin yadda kifi ya ja, kamar dai jiya suka rabu a bakin jirgi. Da ya natsu, gaskiya ta ƙi barinsa, ya ce, "Amma Baba, sun ce ba titus ɗin ba ne sak. Ɗan'uwansa ne. Shi titus a ruwan sanyi yake, can nesa."

"To shi wancan ban yarda ba tukuna," in ji tsohon. Sabuwa ta fashe da dariya tana kuka. "Kuma kada ka ci wanga. Kihin hwari a baƙon ruwa na wanda ka iske a wurin ne. Ko shi ma ka mance?"

Bai mance ba. Ya ɗauki kifin, wanda ya riga ya koma toka-toka, ya kai wa ɗan Kerala da hannu biyu. Dattijon, da bokitinsa ya kusa cika, ya dube shi ya dubi idanunsa, ya karɓa bai yi musu ba.

Malam Ɗantani ya ƙara 'yan watanni. Duk Lahadi shi ke karɓar waya da kansa, har Sabuwa tana ƙorafin an kore ta daga aiki ba sallama. Ya rasu da damina ta kankama, Mijinyawa yana Al Quoz yana naɗe kwali, bai samu zuwa jana'iza ba. A maganarsu ta ƙarshe tsohon ya yi masa addu'a, sannan ya ce har yanzu fa ba a gaya masa inda wata yake kai ruwan ba, in ya ji ya sanar da shi.

Ragowar sabulun Mijinyawa ya wanke kayan aikinsa da shi. Da sanyi ya dawo ya koma kan duwatsun da cokalinsa, kuma yanzu ɗakinsu ba sa rasa garfa ranar Lahadi. In ruwa ya fara janyewa yakan daina jefawa ya tsaya yana kallo. Duk wanda ya tsaya kusa da shi, ko Bamisire ne ko ɗan Filifin, sai ya tambaye shi da guntun Larabcinsa ina ruwan nan yake zuwa. An ba shi amsoshi da yawa, wasu har da zane a waya. Yana saurare da kyau, ya yi godiya, amma har yanzu bai samu wadda zai iya faɗa wa makaho ya gamsu ba.